Katin da ke mayar da kuɗi ko katin makin tafiya: wanne ya fi dacewa da mai iyali a Amurka?

Abu_Sadiq_Ohio:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni zama a ƙasar nan a kan wani lamari da ya tsaya mini a rai. Shekarata huɗu a Columbus, ina da mata da 'ya'ya uku, kuma tun zuwana katin bashi ɗaya nake riƙe da shi, irin wanda sai ka ajiye jingina a banki kafin a ba ka, wanda kuma ba ya mayar da ko sisi. Yanzu lambar FICO ɗina, wato ma'aunin da bankuna ke duba amincin mutum wajen biyan bashi, ta haura 740, bankuna sun fara aiko mini da takardun tayi. Abin da nake kashewa da kati a wata ya kai dala 2,300: cefane kamar 900, man mota 250, sauran kuwa inshorar mota ne da waya da intanet da hidimar yara. Kuɗin haya ba ya ciki. Kano muna zuwa sau ɗaya a shekara biyu, mu biyar. Wani abokin aikina ya nace cewa in karɓi katin da ke tara makin tafiya, wai da shi zan riƙa samun tikitin jirgi kyauta, ni kuwa zuciyata ta fi karkata ga katin da ke mayar da wani kaso na abin da mutum ya kashe. Wanne ya fi dacewa da mai irin halina?

Hajiya_Bronx:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ka fara da lissafi kafin ka saurari kowa. Dala 2,300 sau goma sha biyu ya ba ka 27,600 a shekara. Katin da ke mayar da kashi 2 cikin ɗari a kan kowane irin sayayya, kamar Citi Double Cash ko Wells Fargo Active Cash, zai dawo maka da dala 552, kuma dukansu biyu babu kuɗin shekara a kansu. Wannan kuɗi ne da kake gani da idonka, za ka iya rage bashin wata da shi ko ka tura shi asusunka, ba sai ka jira wani kamfanin jirgi ya buɗe maka kujera ba. Shekara tara nake amfani da irin wannan kati, kuma duk abin da ya taru ba na taɓa shi sai gabanin babbar sallah, in haɗa shi cikin kuɗin layya. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Injiniya_Houston:
Hajiya, da girmamawa, lissafinki daidai ne amma rabin labarin ne. Ribar katin maki ba a sayayyar yau da kullum take ba, tana cikin kyautar maraba da kuma yadda ake kashe makin. An saba ganin kati kamar Chase Sapphire Preferred, mai kuɗin shekara dala 95, yana ba da maki 60,000 ko fiye ga wanda ya kashe dala 4,000 ko 5,000 cikin wata uku na farko, abin da Abu Sadiq zai cika ba tare da ya sayi abin da bai yi niyya ba. Ko da kuɗi ya karɓa a madadin makin, dala 600 ke nan, sun fi abin da katin kashi 2 zai ba shi a shekara guda. Idan kuwa ya tura makin zuwa kamfanin jirgin United, wanda ke cikin ƙawancen Star Alliance tare da Ethiopian Airlines da EgyptAir, yana iya neman kujera har Kano ta Addis Ababa ko Alƙahira. Ni da kaina na je gida sau biyu da maki, abin da na biya daga aljihuna haraji ne kawai.

Hajiya_Bronx:
Injiniya, ku nawa kuka yi tafiyar, kuma a wane wata?

Injiniya_Houston:
Ni kaɗai ne, sau ɗaya a Fabrairu, sau ɗaya a Oktoba. Na fahimci inda tambayar ta dosa, kuma na yarda tana da nauyi.

Maman_Ikram:
Nauyin nata ne ya sa na shigo, domin ni na ga abin a gidana. Mijina ya shekara uku yana tara maki da niyyar mu kai yara gida su ga kakanninsu. Mu shida ne, kuma ba mu da damar tafiya sai lokacin hutun makaranta, wato Yuli da Agusta ko ƙarshen Disamba, lokacin da kowa ke son tafiya. Na tuna daren da ya zauna a teburin cin abinci da kwamfuta har ƙarfe biyu, yana sauya rana bayan rana a kalanda, da takarda a gefe yana rubuta abin da ya gani. A farashi mai sauƙi kujera biyu kawai yake samu a jirgi ɗaya, idan ya nemi shida sai adadin makin ya ninka ko a ce babu. Ƙarshenta tikiti biyu muka samu da maki, huɗu muka saya da kuɗi a wani jirgin daban, shi da babban ɗanmu suka bi ta wata hanya, ni da ƙananan uku muka bi ta wata, muka sauka kwana ɗaya tsakani. A shekaru ukun nan kuwa kuɗin shekara bai taɓa tsallake mu ba. Ban ce maki ba su da amfani ba, amma an gina su ne domin mai tafiya shi kaɗai wanda ke iya zaɓar ranar da ya ga dama.

Dan_Zongo_NJ:
Abin da Maman Ikram ta faɗa gaskiya ne, kuma akwai wani abu da ya kamata a ƙara. Darajar maki a hannun kamfanin jirgi take, ba a hannun mai makin ba. A da kamfanoni suna wallafa jadawali da ke nuna adadin makin da kowace tafiya ke ci, amma Delta ta cire nata a 2015, wasu kuma suka bi sahu, yanzu farashin yana hawa da sauka kamar na tikitin kuɗi. Wanda ke tafiya sau ɗaya a shekara biyu yana ajiye dukiyarsa ne a cikin abin da mai shi ke iya rage wa daraja ba tare da sanarwa ba. Ni Accra nake zuwa, kuma muna da jiragen da ke tashi kai tsaye daga New York da Washington, duk da haka na koma katin kuɗi bayan na yi aure.

Malam_Nura_MN:
Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni dama in tunatar da abin da ya kamata ya zo kafin lissafin riba. Duk waɗannan katunan da ake ambata, yarjejeniyarsu tana ɗauke da sharaɗin kuɗin ruwa idan mutum ya jinkirta biya. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na 12 da aka yi a Riyad a shekarar 2000, ta yanke a ƙuduri mai lamba 108 cewa bai halatta a yi mu'amala da katin bashi mai wannan sharaɗi ba, ko da mai neman katin ya ƙudurta cewa zai riƙa biya kafin ruwan ya hau. Akwai kuma malamai, musamman masu ba da fatawa ga mazauna ƙasashen Yamma, da suka yi sauƙi saboda buƙata, ganin cewa hayar gida da hayar mota da wasu ayyuka suna wahala ga wanda ba shi da tarihin bashi, da sharaɗin ya biya duka kowane wata. Wanda ya ɗauki sauƙin nan ya tuna cewa saboda buƙata aka yi shi. A ganina akwai bambanci tsakanin mai riƙe kati ɗaya domin lalura da mai buɗe kati biyar yana farautar kyautar maraba.

Abu_Sadiq_Ohio:
Allah Ya saka da alheri Malam. Na tambayi limamin masallacinmu tun lokacin da zan karɓi na farko, kuma a kan sharaɗin biya duka nake tafiya, ban taɓa barin ko dala ɗaya ta kwana zuwa wata na gaba ba. Maganarka ta ƙarshe ta shige ni, domin abokin aikin nan nawa katunansa bakwai ne.

Yakubu_ATL:
Ni ba Musulmi ba ne, amma gargaɗin Malam Nura ya shafi kowa ta fuskar aljihu. Kuɗin ruwan katin bashi a ƙasar nan ya haura kashi 20 cikin ɗari a matsakaici tun 2023, kuma a shekarar ce jimillar bashin katunan Amurkawa ta wuce dala tiriliyan ɗaya. A ɗauka mutum ya bar dala 3,000 a kan kati mai ruwan kashi 24: kowane wata dala 60 za ta hau, a shekara 720, wato ta cinye 552 ɗin da Hajiya ta lissafa har ta nemi ƙari. Na shiga wannan hali lokacin da na rasa aiki na wata biyar, ina biyan mafi ƙarancin abin da takardar wata ta nuna, ina kuma murna da 'yan dalolin da ake mayar mini, sai da na zauna na tara takardun shekarar na ga abin da ya fita. Wanda bai tabbata zai iya biya duka ba, kada ya zaɓi kati saboda lada ko wane iri ne.

Sabon_Zuwa22:
Ina da tambaya a kan wannan. An gaya mini cewa idan mutum yana biyan komai kowane wata lambar FICO ɗinsa ba za ta hau ba, sai ya riƙa barin ɗan bashi domin banki ya ga yana amfani da katin. Haka ne?

Hajiya_Bronx:
Ba haka ba ne ɗana, kuma wannan magana ta jawo wa mutanenmu asara mai yawa. Abin da ya fi nauyi a lissafin FICO shi ne biya a kan lokaci, wanda ke da kashi 35, sai yawan bashin da ke kanka idan aka gwada shi da iyakar da aka ba ka, wanda ke da kashi 30. Babu inda biyan kuɗin ruwa ke ƙara maka komai. Dokar katunan bashi ta 2009 ta wajabta a ba ka aƙalla kwana 21 tsakanin fitowar takardar wata da ranar biya. Ka saita asusunka ya riƙa biyan cikakken abin da takardar ta nuna da kansa, ba mafi ƙaranci ba.

Alhaji_Mai_Shago:
Bari in faɗa muku inda kuɗin nan da ake mayar muku yake fitowa, domin daga wurin irinmu yake fita. Ina da shagon kayan abincin gida a Bronx, shinkafa da manja da garin kuka da daddawa da busasshen kifi. Duk wanda ya goga katin bashi a na'urata, kusan kashi 3 na cinikin ba ya zuwa hannuna, kuma katunan da suka fi ba da lada su ne suka fi tsada a gare ni. Buhun shinkafa na dala 40, ribata a kansa ba ta taka kara ta karya ba, sai a cire fiye da dala ɗaya. Abin da 'yan kasuwa ke yi shi ne su ɗora wannan a kan farashi, sai dattijuwar da ta zo da tsabar kuɗi a ƙulle a bakin zane ta biya farashi ɗaya da mai kati, alhali ita ba a mayar mata da komai. Banza ba ta kai zomo kasuwa. A gida idan mai awo ya cika mudu ya ƙara maka gyara, daga cikin hatsinsa ya ɗiba da yardarsa, wannan gyaran kuwa daga buhun wani ake ɗibarsa. Ban hana kowa karɓa ba, ni ma ina da katin da nake saro kaya da shi, amma idan kun shiga ƙaramin shagon ɗan'uwa kuka ga ya rubuta cewa akwai ragi ga mai biya da tsabar kuɗi, ku san dalili.

Malam_Nura_MN:
Bayanin Alhaji ya taɓa wata tambaya da ake yawan yi, wato me ya sa katin cire kuɗi daga asusu ba ya ba da irin wannan lada. Dokar da aka yi a 2010 ta ƙayyade abin da manyan bankuna ke karɓa daga 'yan kasuwa a kan katin cire kuɗi, ba ta taɓa na katin bashi ba, shi ya sa ladan ya tattara a can. Duk da haka akwai 'yan katunan cire kuɗi da ke mayar da kashi 1, ga wanda zuciyarsa ba ta natsu da katin bashi ba.

Binta_Manchester:
Ina karanta ku daga Ingila ina mamakin alƙaluman. A nan an ƙayyade kason bankin mai kati a cikin cajin da Alhaji yake magana a kai zuwa kashi 0.3 a kan katin bashi tun 2015, saboda haka kashi 2 a kan kowane sayayya ba abu ne da muke gani ba, wanda ya samu kashi 1 ya gode. Abin da ya sa da yawanmu ke sayen tikiti da katin bashi shi ne sashe na 75 na dokar bashi ta 1974, wanda ya ɗora wa banki alhaki tare da mai sayarwa a kan kayan da farashinsu ya haura fam 100 har zuwa 30,000, idan kamfani ya rushe ko ya saɓa alkawari. Masu tara Avios, wato makin jirgin British Airways, domin zuwa Abuja suna nan, sai dai tikitin maki ba kyauta ba ne, akwai haraji da cajin da ake biya da kuɗi a kansa.

Injiniya_Houston:
Ina so in dawo kan tambayar Abu Sadiq, domin kada a ɗauka ina kare katunan nan masu tsada ne. Sapphire Reserve ya fito a 2016 da kuɗin shekara dala 450, a 2025 ya kai 795, Platinum na American Express kuma ya kai 895. Waɗannan ba na mai iyali mai tafiya sau ɗaya a shekara biyu ba ne, ko ni ban riƙe su ba. Amma akwai abin da katin kuɗi ke gazawa a kai, kuma ya shafe shi kai tsaye: katunan kashi 2 guda biyu da Hajiya ta ambata suna cajin kashi 3 a kan sayayyar da aka yi a wajen Amurka. Ranar da ya biya otal a Abuja da ɗayansu, an ba shi biyu an karɓi uku. Katunan tafiya galibi ba su da wannan caji, kuma wasunsu suna da inshorar jinkirin jirgi da ɓatan kaya, abin da duk mai sauya jirgi sau biyu kafin ya isa Kano ya san darajarsa.

Hajiya_Bronx:
Wannan gyara ne mai kyau Injiniya, na karɓa. Sai dai maganinsa ba lallai ne ya zama kati mai kuɗin shekara ba, domin katunan Capital One ba sa cajin sayayyar ƙasar waje, kuma Quicksilver ɗinsu yana mayar da kashi 1.5 ba tare da kuɗin shekara ba.

Dan_Kurmi:
Ni a Kano nake, amma yayyena biyu suna can, kuma ina ganin yadda suke yi idan sun zo. Gaskiyar magana ita ce a nan katin waje bai cika aiki ba sai a manyan otal da manyan kantuna, a kasuwa kuwa tura kuɗi ta waya da tsabar kuɗi ne ke tafiya. Visa da Mastercard sun fi samun karɓuwa, American Express da Discover kuwa da wuya ka ga inda za su shiga. Kada Abu Sadiq ya gina zaɓinsa a kan mako huɗun da zai yi a gida, alhali sauran wata ashirin da uku a Ohio zai yi cefane.

Yakubu_ATL:
A ƙara da wannan gargaɗi: kada a ciri kuɗi a na'ura da katin bashi, kuma a yi hattara wajen aika kuɗi gida da shi. Bankuna sukan lissafa irin wannan a matsayin rancen tsabar kuɗi, wanda ke da cajin kashi 3 zuwa 5 nan take, ruwansa yana fara hawa daga ranar, kuma babu lada a kansa.

Maman_Ikram:
Tunda cefane ne babban abin da yake kashewa, ya duba Blue Cash Preferred na American Express, wanda ke mayar da kashi 6 a manyan kantunan abinci har zuwa dala 6,000 a shekara, bayan haka kashi 1, da kuɗin shekara dala 95. A cefanen 10,800 zai samu 360 da 48, a cire 95, saura 313, alhali katin kashi 2 zai ba shi 216 a kan cefanen.

Alhaji_Mai_Shago:
Lissafin zai tsaya ne idan duk cefanen a irin waɗannan kantuna yake yi. Kashi 6 ɗin bai haɗa da Walmart da Target ba, Costco kuwa Visa kaɗai take karɓa a kantunanta, wanda ke nufin Double Cash ma ba zai shiga can ba tunda Mastercard ne. Mahautan halal da ƙananan shaguna irin nawa kuma ba kowanne aka yi wa rajista a matsayin babban kantin abinci ba, wasunmu ma ba ma karɓar American Express. Ya ɗauko takardun wata uku da suka wuce ya ga inda kuɗin ke zuwa da gaske.

Abu_Sadiq_Ohio:
Na yi yadda Alhaji ya ce, na zauna da uwargida muka bi takardun ɗaya bayan ɗaya. A cikin 900 ɗin, kusan 400 a Costco muke kashewa, 200 wurin mahauci da shagon 'yan Somaliya da ke kusa da mu, ragowar 300 ne kawai ke zuwa kantin da zai ba da kashi 6. Wato 3,600 a shekara, ladansa 216, a cire 95 saura 121, alhali kashi 2 zai ba ni 72 a kan kuɗin. Bambancin dala 49 bai kai in riƙa ɗaukar kati biyu ina tunanin wanda zan fitar a gaban mai karɓar kuɗi ba. Na fi karkata ga katin Visa mai kashi 2 mara kuɗin shekara, in riƙa tara abin da ya dawo a wani asusu daban domin tikiti. Tsohon katina kuma, in rufe shi ko in bar shi?

Hajiya_Bronx:
Kada ka rufe shi idan ba shi da kuɗin shekara, domin daɗewar tarihinka tana cikin lissafin FICO. Ka kira bankin ka nemi su mayar da shi kati na yau da kullum su dawo maka da jinginarka, bayan shekara huɗu na biya a kan lokaci kana da hujja mai ƙarfi.

Injiniya_Houston:
Zaɓinka yana da ma'ana ɗan'uwa, amma ina nan a kan ra'ayina ta fuska ɗaya. Tikiti biyar zuwa Kano kuɗi ne mai yawa da za ka kashe a rana guda, ko ka so ko ka ƙi. Idan ka buɗe katin tafiya mai dala 95 mako biyu kafin ka saya, wannan sayayyar kaɗai za ta cika sharaɗin kyautar maraba, kuma tafiyar za ta samu inshora. Ba na cewa ka tara bakwai kamar abokin aikinka.

Malam_Nura_MN:
Injiniya, a nan ne nake ganin ya kamata ya sake komawa wurin limamin nasu, domin fatawar da ya samu a kan kati ɗaya na lalura ce, wannan kuwa tambaya ce sabuwa.

Sabon_Zuwa22:
Kafin a tashi, kuɗin da ake mayarwa ana saka shi a takardar haraji?

Yakubu_ATL:
Abin da aka mayar maka saboda sayayyar da ka yi, hukumar haraji tana ɗaukarsa a matsayin ragin farashi ne, ba kuɗin shiga ba. Wanda ake iya lissafawa shi ne kyautar da banki ya ba ka ba tare da ka sayi komai ba, kamar ta buɗe sabon asusu ko ta kawo musu wani, kuma a irin wannan sukan aiko maka da takarda a farkon shekara.